FILIN MOTA DA DIREBA: Idan Sitiyari Ya Fara Wasa A Hanya Mai Gargada

Duk direban da ya saba bin manyan hanyoyin ƙasar nan, ko mai ɗauko albasa ne daga Sakkwato zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas, ko mai jigilar goro daga Shagamu zuwa Kano, ko kuwa ma'aikaci ne mai 'yar ƙaramar motarsa ta zuwa ofis, ya san wani abu guda da mota takan yi wanda yake sa gaban mutum ya faɗi. Watau mota tana tafiya lafiya lau a kan kwalta mai santsi, amma da zarar ta shiga wurin da hanya ta farfashe, sai direba ya ji sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa, gaban motar yana kai-kawo hagu da dama kamar ba shi ne ke tuƙa ta ba. Wani lokaci har da ƙarar ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin ƙafafunsa. Da an fita daga gargadar kuma sai kome ya lafa, direba ya ce ai laifin hanya ne, ya ci gaba da tafiyarsa.

To, gaskiya ne hanya tana da nata laifi, amma galibi abin da ta yi shi ne ta tona asirin wata cuta da ta riga ta kama motar. Sitiyari shi ne linzamin mota, kuma mahayin da linzaminsa ya saki ba shi da ta cewa a kan inda doki zai nufa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin wajen mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya ɓata daƙiƙa guda yana lalubar inda sitiyari zai kama, ya riga ya wuce tsawon babbar tirela, kuma wannan ya isa ya kai shi cikin rami ko gaban motar da ke tahowa.

YADDA AKA HAƊA SITIYARI DA TAYA

Kafin a san inda cuta take, ya kamata a san jikin mai cutar. Daga kambun da direba ke riƙewa akwai doguwar sanda da ta gangara ƙasa, tana da gaɓa ɗaya ko biyu masu lanƙwasa. Ƙarshen sandar nan yana shiga ɗaya daga cikin na'urori iri biyu. Iri na farko shi ne wanda makanikai ke kira rak, watau wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance a gicciye, wanda ɗan ƙaramin giya ke turawa hagu ko dama. Irin wannan ne ke jikin Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975, kuma shi ne ke jikin kusan dukkan ƙananan motocin yanzu. Iri na biyu shi ne akwatin sitiyari, wanda ke juya wani hannun ƙarfe, shi kuma ya ja sanduna zuwa tayoyi. Ana samunsa a manyan motocin ɗaukar kaya, da tsofaffin Land Rover, da Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru wadda aka harhaɗa a Legas.

Ko wane iri ne, abin da ke kai umurnin direba ga taya shi ne sandar da ake kira tayirod, wadda ke da gaɓa a kowane ƙarshe. Gaɓar nan dunƙulen ƙarfe ce da ke juyawa cikin ƙoƙo mai giris, an rufe ta da 'yar robar da ke hana ƙura shiga. Ita kuma tayar tana jingine ne a kan wata gaɓa irin wannan amma mafi girma, wadda ake kira boljoyin, a ƙarshen hannun ƙarfen da ya haɗa ƙafar mota da jikinta. Shi hannun an ɗaura shi da robobi masu kauri da ake kira bushin. Sa'an nan akwai boris da taya ke juyawa a kansa, da sifirin da ke ɗauke da nauyin mota, da shokazoba da ke hana ta tsalle-tsalle.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan in ya ci, yakan bar ɗan fili. Filin da bai fi kaurin farce ba a gaɓar tayirod, kafin ya iso hannun direba ya zama abin da za a ji sosai. In kuwa gaɓoɓi uku ko huɗu suka ci tare, filinsu haɗuwa yake yi.

ABIN DA YA SA SAI A GARGADA AKE JI

A kan kwalta mai kyau nauyin mota yana danne kowace gaɓa a gefe guda, saboda haka filin da ke ciki ba ya bayyana. Amma a hanya mai ramuka, ko hanyar burji da ta yi tudu-tudu kamar kunyoyin gona, nauyin nan ɗagawa yake yi yana dawowa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Duk lokacin da ya ɗaga, taya takan sami damar karkata iyakar filin da ke cikin gaɓar, ba tare da sitiyari ya motsa ba. Wannan shi ne kai-kawon da direba ke ji.

Har ila yau, irin wannan hanya ita ce ke cinye gaɓoɓin tun farko. Robar da ta rufe gaɓa takan tsufa ta tsage, ko dutse ya huda ta. Da rani ƙura da jan yashi su shiga su cakuɗu da giris, su zama tamkar dutsen wasa wuƙa a cikin ƙoƙon. Da damina kuma ruwan kududdufi ya wanke sauran giris ɗin, tsatsa ta kama. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba ita ce ke tsare gaɓar, kuma gaɓar ce ke riƙe da rayukan mutanen da ke cikin mota.

A FARA DA ABIN DA BA YA CIN KUƊI

Kafin mai mota ya garzaya gareji, akwai abubuwa uku da zai duba da kansa. Na farko iskar taya. Yawancin ƙananan motoci suna bukatar fam 30 zuwa 35, kuma an rubuta ainihin adadin a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Sau da yawa masu faci sukan cika taya fiye da kima, wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa. Tayar da iska ta yi wa yawa tsalle take yi a kan gargada kamar ƙwallo, wadda ta yi wa kaɗan kuwa lanƙwashewa take yi a gefe, mota ta riƙa lilo. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma a tabbata ta hagu da ta dama sun zo daidai.

Na biyu notunan taya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an sha canza taya a bakin hanya cikin gaggawa a manta ba a ƙara ɗaure su ba bayan an sauke jak. Duk wanda aka kwance wa taya, ya sake bin notunan da sufana bayan ya yi tafiyar kilomita hamsin zuwa ɗari.

Na uku lodi. Motar da aka jibga wa kaya a baya har but ya kasa rufuwa, gabanta ɗagawa yake yi, tayoyin gaba su rasa nauyin da zai manna su da ƙasa. Irin wannan mota ko da dukkan gaɓoɓinta sababbi ne, sitiyarinta zai yi sakayau. Maganinta a rage kaya, ko a raba nauyin yadda ya kamata.

Bayan haka sai a dubi fuskar tayoyin gaba, domin taya ba ta ɓoye abin da ke damun ƙafar mota. In gefe guda ya cinye ɗaya gefen yana da sauran zane, saitin ƙafa ya goce. In aka shafa hannu aka ji zanen ya yi kaifi ta fuska guda kamar haƙoran zarto, tayoyin ba sa kallon hanya ɗaya, kuma galibi tayirod ne ya jawo. In kuwa ta cinye wuri-wuri, nan rami can tudu, a tuhumi shokazoba.

GWAJI A TSAYE

Gwaji na farko ba ya bukatar jak. A tsayar da mota a wuri mai daidai, tayoyi suna kallon gaba sak. In motar tana da na'urar sauƙaƙa sitiyari, a tayar da inji. Direba ya tsaya a waje ya miƙa hannu ta taga, ya juya sitiyari a hankali yana kallon tayar gaba, ya lura da iyakar tafiyar da kambun ya yi kafin taya ta motsa. A Ingila, inda ake gwada motoci kowace shekara da zarar sun cika shekara uku, ƙa'idar da aka saba bi ga kambu mai faɗin milimita 380 ita ce kada wasan ya wuce milimita 13 ga mota mai rak, ko milimita 75 ga mai akwati. A taƙaice, faɗin ɗan yatsa guda ga mai rak, faɗin yatsu huɗu ga mai akwati. Abin da ya zarce haka yana bukatar bincike.

Sa'an nan a sami mutum biyu. Ɗaya ya zauna ciki ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama da ɗan ƙarfi, ɗaya ya durƙusa a gaba da tocila, birkin hannu a ɗaure, ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Gaɓa mai lafiya, ɓangarorinta biyu tare suke motsawa. In aka ga sanda ta motsa amma abin da ke haɗe da ita ya yi jinkiri, ko aka ɗora hannu aka ji ɗan bugu, to an kama mai laifi. A duba kuma ko shi kansa rak ɗin yana zamewa a mazauninsa, ko akwatin yana motsi a jikin shasi, domin wani lokaci notunan da suka ɗaure su ne kawai suka saki. Kada a manta da gaɓar sandar sitiyari da ke kusa da ƙafafun direba, ita ma takan ci ta riƙa ƙwanƙwasa a kan ramuka.

GWAJI A KAN JAK

Daga nan sai a ɗaga gaban mota. A nan akwai gargaɗi mai girma: kada kowa ya kuskura ya sa kai ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka, ko katako mai kauri, a kuma sa waigi a tayoyin baya.

A kama taya da hannu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar ƙarfe uku da ƙarfe tara a fuskar agogo, a girgiza. In an ji wasa, tayirod ne, ko gaɓar waje kusa da taya, ko ta ciki da ke ɓoye cikin dogon zanen robar rak. Sa'an nan a kama sama da ƙasa, watau sha biyu da shida, a sake girgizawa. Wasa a nan na boljoyin ne ko boris. Hanyar bambanta su mai sauƙi ce: wani ya taka birki ya riƙe, a sake girgizawa. In wasan ya ɓace boris ne, domin birki ya ƙulle taya da ƙafar wuri guda. In yana nan, boljoyin ne ko bushin. Boris da ya ci kuma yakan yi gurnani a kan hanya, gurnanin yana ƙaruwa da gudu.

A wasu motoci sifirin yakan danne boljoyin har ya ɓoye wasansa ko da an ɗaga mota. Saboda haka makanikin da ya san aikinsa yakan zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya ya ɗan ɗaga, yana kallon gaɓar. Da wannan ƙarfen kuma yake taɓa bushin, ya ga ko robar ta tsattsage ko ta rabu da ƙarfenta.

Shokazoba kuwa, a sauke mota a danna kusurwarta da ƙarfi a saki. Ta taso ta tsaya, lafiya. In ta ci gaba da rausaya, ko aka ga mai yana zubowa a jikinsa, ya gaji. Shokazoba da ya mutu ba ya riƙe taya a ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta jin umurnin sitiyari ko na birki.

KADA A RIKITA CUTA DA CUTA

Ba kowace rawar sitiyari ce ke nufin gaɓa ta ci ba. In sitiyari yana karkarwa a kan kwalta mai santsi daga wajen gudun kilomita 80 zuwa sama, nauyin taya ne bai daidaita ba, ko wili ya lanƙwashe sakamakon faɗawa rami, sai a kai ta wurin masu balansin. In sai an taka birki yake karkarwa, faifan birki ne ya goce. In sitiyari ya yi nauyi yana kuka sa'ad da ake juya shi, a duba man sitiyari da bel ɗin famfonsa. Motocin zamani da yawa kuma sun bar mai sun koma ga na'urar lantarki, wadda in ta sami matsala fitilarta takan kama a gaban direba. Amma lantarki ko mai, tayirod da boljoyin suna nan yadda suke, kuma cinsu iri ɗaya ne.

Akwai kuma wata muguwar rawa da ta keɓanta ga motocin da tayoyin gabansu ke haɗe da ƙarfe guda, kamar manyan motocin kaya da wasu motocin shiga daji. Da taya guda ta bugi rami sai gaban motar duka ya kama jijjiga, har sitiyari ya nemi ƙwacewa. Wanda wannan ta same shi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya ɗaga ƙafa daga totur, kada ya danna birki da ƙarfi, ya bar gudu ya ragu har rawar ta tsaya. Daga nan sai gareji. A duba fin ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa, da robobin sandar da ke riƙe ƙarfen daga zamewa gefe, da ƙusoshin da suka ɗaure sifirin. Sanya sabon shokazoba na sitiyari yakan rufe rawar na ɗan lokaci, amma bai warkar da ita ba.

GYARA NA GASKIYA DA NA GANGAR ABZINAWA

A nan ne mutane da yawa ke cutar kansu. Direba ya zo da motar haya, maigidansa na jiran kuɗin rana, makaniki ya dube shi ya ce, "Malam, bari a lallaɓa maka ita ka ƙarasa mako." Sai ya ɗauki guduma ya daddaki bakin ƙoƙon gaɓar har ya matse, ko ya cusa guntun roba ko gwangwani a ciki. Wasan kam zai ɓace a ranar. Amma ƙarfen da ya ci ya riga ya ci, kuma dukan gudumar ƙara raunana shi ya yi. Ranar da boljoyin ya fice daga ƙoƙonsa, taya takan shige ƙarƙashin mota, motar ta gurfana kamar raƙumi. Kowa ya sha ganin irin wannan a tsakiyar titi. Wanda abin ya same shi a kwanar cikin gari ya yi sa'a. Wanda ya same shi a kan babbar hanya yana gudu da fasinja cike, sai dai addu'a.

Saboda haka gaɓar da ta ci, canza ta ake yi. Ba a yi wa tayirod walda, ba a gasa wanda ya lanƙwashe da wuta a miƙar da shi. Notin da aka yi shi da ramin makulli, a soka masa sabon makullinsa na ainihi, ba guntuwar ƙusa ko waya ba. In gaɓar hagu ta ci, a duba ta dama da kyau, domin tare suka sha wahalar hanya, shokazoba kuwa bibbiyu ake canza shi. Notunan bushin kuma sai an sauke mota nauyinta ya zauna a kan tayoyi ake yi musu ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar za ta kasance a murɗe, ba za ta daɗe ba.

Akwatin sitiyari yana da wata ƙusar saiti a samansa wadda ake rage wasa da ita. Ana juya ta ne kaɗan-kaɗan, tayoyi suna kallon gaba, ana gwadawa. Wanda ya matse ta fiye da kima zai ga sitiyari ya daina komowa da kansa bayan kwana, har yana iya cijewa. Ga motoci masu jakar iska ta kariya a cikin sitiyari, in an raba sanda da rak kada a bar kambun ya yi ta juyawa, domin akwai siririyar waya a naɗe a cikinsa wadda takan tsinke.

Bayan duk wani aiki da ya taɓa tayirod ko hannun ƙafa, wajibi ne a kai mota a saita ƙafafunta, abin da ake kira alaimen. Amma a lura da jerin aikin: gyara tukuna, sa'an nan saiti. Wanda ya kai mota mai cinyayyun gaɓoɓi wurin saiti ya zubar da kuɗinsa, domin ramin farko zai rushe aikin.

Game da sayen kaya kuwa, ko a Ladipo ta Legas ne, ko Nkwo ta Nnewi, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, akwai nagari akwai jabu, akwai kuma na gwanjo da aka ciro daga jikin wata mota. Mai saye ya motsa dunƙulen gaɓar da hannu. Sabuwa mai kyau tana da tauri, ba ta lilo, robarta kuma ba ta da tsaga. Araha dai ba ta ado, balle a kan abin da ke riƙe da taya.

KIYAYEWA

Direba yana iya tsawaita ran ƙafar motarsa da hannunsa. Ya rage gudu tun kafin ya isa rami, ya saki birki dab da shigarsa, domin birki yana tara nauyin mota a gaba, duka ya sauka a kan gaɓoɓin da suka riga suka danne. Ya guji murɗa sitiyari mota tana tsaye cik, da hawa dakalin gefen titi. Duk sa'ad da aka juye baƙin mai, ya sa a leƙa robobin gaɓoɓi, wadda ta tsage a canza ta nan take. Manyan motoci da tsofaffi masu bakin shan giris kuwa, a riƙa ba su a kan kari, musamman bayan damina.

Tun 1988 da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, jami'anta da na ofishin duba lafiyar motoci suna tsayawa a kan hanya suna duban takardu da tayoyi da fitilu. Amma ba kasafai jami'i zai ga gaɓar da ta ci daga inda yake tsaye ba. Wanda ke jin ta shi ne mai riƙe da sitiyari, kuma amanar fasinja a wuyansa take. Ranar da ya fara jin ƙwanƙwasa, ranar ce ta kai mota gareji, ba bayan an dawo daga lodi na gaba ba.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, wannan fili zai duba maganar birki da abin da ke sa shi tsinkewa a gangara.